Ɗan Dambe Da Shekarunsa: Yaushe Ne Lokacin Kwance Zare?

Kowa ya san Wudil da abu biyu, watau kogin da ya bi ta gefen gari da gadarsa, da kuma kasuwar kara wadda take ci kowace Jumma'a. Fatake sukan kawo shanu daga nesa, a yi ciniki, a loda su cikin manyan motoci zuwa Kudu. Inda shanu suka taru, nan mahauta suke. Inda mahauta suke kuwa ba a rasa zancen dambe, gama tun kaka da kakanni dambe wasansu ne.

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a rumfunan masu tsire da teburan masu shayi. In aka ji za a haɗa wani tsohon gwani da wani yaro mai tashe, sai mutane su rabu biyu. Waɗansu su ce, "Ai tsohon hannu ne, ya san kan wasa." Waɗansu kuwa su ce, "Ina! Zamaninsa ya wuce, jini ya yi sanyi." Ga 'yan kallo wannan hira ce kawai. Amma ɗan damben nan ɗan wani ne, mijin wata ne, uban waɗansu ne. In ya shiga fage bayan lokacinsa ya wuce, 'yan kallo za su watse su koma gidajensu, iyalinsa ne za su zauna da abin da ya same shi. Saboda haka muka ga ya kyautu mu duba wannan magana a natse: me shekaru suke yi wa jikin ɗan dambe, yaushe ne ganiyar ƙarfinsa, yaushe kuma ya kamata ya kwance zare?

Yadda Wasan Yake

A dā, bayan an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, sai mahauta su riƙa bin garuruwa da makaɗansu, ana yanka dabbobi ana shagali, da yamma kuma a buɗe fage. Ɗan dambe yakan naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle, ya bi shi da zare har ya yi tauri. Wannan hannu shi ne mashi. Ɗaya hannun kuwa, wanda yake miƙewa a buɗe gaban abokin karawa, shi ne garkuwa. Turmi uku ake yi. In hannun mutum ko gwiwarsa ko jikinsa ya taɓa ƙasa, sai a ce an yi kisa, wasa ya ƙare. In an gama turmi uku ba wanda ya faɗi, sai a raba su, a ce babu kisa.

Manyanmu har yanzu suna ba da labarin Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, da karonsa da Ɗandunawa, da kuma su Ado Ɗan Kware. Yau dambe ya bar jiran kaka. Akwai gidajen dambe da ake wasa cikinsu rani da damina, kamar na dandalin Ado Bayero a Kano, da gidan Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja. 'Yan wasa sun kasu ɓangare ɓangare, ga Kudu, ga Arewa, ga Guramada, ana sa gasar babur har da ta mota. Daga Wudil zuwa Kano kimanin kilomita 40 ne kawai, wanda bai je ba ma yana gani a wayarsa.

Wannan canji yana da muhimmanci ga zancenmu. Ɗan damben dā yakan yi wasa 'yan watanni, sa'an nan ya koma fawa ko gona, jikinsa ya huta. Na yau kuwa yana iya sa zare mako bayan mako, shekara ta zagayo bai huta ba. Dukan da mutumin dā zai sha cikin shekara goma, na yau yana iya shansa cikin shekara uku ko huɗu.

Safiya, Tsakar Rana, Da La'asar

Rayuwar ɗan dambe kamar yini ɗaya take. Da safiya, watau daga ƙuruciya zuwa shekara ashirin da 'yan kai, yana da sauri da zafin nama, ba ya gajiya, amma bai san wasa ba tukuna. Yakan kai duka inda bai kamata ba, yakan yi fushi, yakan ƙarar da ƙarfinsa tun a turmin farko.

Tsakar rana ita ce lokacin da ƙarfi da sani suka gamu. Ga yawancin 'yan dambe wannan yakan faɗo tsakanin shekara 25 da 32. Ƙashi ya gama ƙosawa, tsoka ta cika, ido ya saba, zuciya ta kwanta. Wannan ita ce ganiya, ba ta kuwa daɗewa. Masu ƙaramin jiki, waɗanda sauri ne jarinsu, sukan kai ganiya da wuri su kuma sauka da wuri. Ƙarfafa masu nauyi, waɗanda nauyin hannu ne jarinsu, sukan ɗan jima.

Daga nan sai la'asar. Sani yana nan, har ma yana ƙaruwa, amma jiki ya fara ƙin bin umarni. Abin da ya sa la'asar take da hatsari shi ne ba ta zuwa da sallama. Mutum yakan tashi da safe ya ji kansa daidai kamar jiya. Sai a fage ne, gaban yaro ɗan shekara 22, gaskiya take fitowa.

Abin Da Yake Faruwa Cikin Jiki

Bari mu fara da zuciya. Masu noman rani a bakin kogin Wudil sun san injin ban ruwa. Sa'ad da yake sabo yakan ja ruwa da ƙarfi ya cika fadama nan da nan. In ya kwana biyu, yana aiki dai, amma ruwan da yake turawa ya ragu. Zuciya ita ce take tura jini, jini kuwa shi ne yake kai iskar da muka shaƙa zuwa ga tsoka. Likitoci suna da wani lissafi na kintace: a ɗebe shekarun mutum daga 220, abin da ya rage shi ne iyakar bugun da zuciyarsa za ta iya yi cikin minti ɗaya. Ɗan shekara 20 ke nan zuciyarsa za ta iya kai wa 200, ɗan shekara 40 kuwa wajen 180. Komai yawan motsa jiki, wannan iyaka sauka take yi kowace shekara.

Saboda wannan da waɗansu dalilai, yawan iskar da jiki yake iya amfani da ita lokacin aiki mai tsanani yakan ragu da kimanin kashi 10 cikin 100 a kowace shekara goma, daga wajen shekara 30, ga mutumin da ba ya motsa jiki. Wanda yake horar da jikinsa kullum yana iya rage saurin wannan sauka, amma ba ya iya tsai da ita. Shi ya sa za ka ga tsohon gwani ya yi kyau ƙwarai a turmin farko, a na biyu ya fara buɗe baki yana haki, a na uku kuwa garkuwarsa ta fara sauka. Garkuwa kuwa in ta sauka, ƙofa ta buɗe.

Na biyu, tsoka. Naman jikinmu yana da zaruruwa iri biyu. Waɗansu kamar wutar kara suke, su tashi farat ɗaya da ƙarfi, su mutu nan da nan. Su ne na tsalle, da zabura, da kai naushi kamar walƙiya. Waɗansu kuwa kamar garwashin kirya suke, ba su da gaggawa amma suna daɗewa. Su ne na doguwar tafiya da yinin noma. Daga shekara 30 tsoka takan fara raguwa kaɗan kaɗan, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, masu kama da wutar kara kuwa su ne suke fara tafiya. Don haka dattijo yana iya yini yana huɗa ya bar saurayi a baya, amma ba zai riga shi zabura ba. Dambe kuwa wasan zabura ne.

Na uku, ido da ƙafa. Kafin ɗan dambe ya kauce wa mashi, dole ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, saƙo ya bi jijiya ya kai wuya da ƙafa. Duk wannan yana faruwa cikin abin da bai kai rabin daƙiƙa ba. Da shekaru suka ƙaru, saƙon yakan ɗan yi jinkiri. Jinkirin ƙanƙane ne, ba a lura da shi a kasuwa ko a gona. Amma a fage shi ne bambanci tsakanin naushin da ya wuce ta gefen kunne da wanda ya sauka a muƙamuƙi. Tsofaffin 'yan dambe sukan ce suna ganin hannun yana zuwa sarai, jikin ne ya ƙi tashi. Masu horarwa kuma suna da wata magana, cewa ƙafa ce take fara tsufa, nauyin hannu ne yake tafiya a ƙarshe. Wannan shi ne tarkon: tun da hannunsa yana nan da nauyi, sai mutum ya zaci kome nasa yana nan.

Na huɗu, warkewa. Yaro ya sha duka yau, jibi ya warware. Ɗan shekara 35 kuwa targaɗe ɗaya sai ya kai shi wata guda. Kafaɗar hannun mashi, da wuyan hannu, da 'yan yatsu da suka sha karaya, da gwiwa, duk sukan fara kai ƙara. Ciwo kuma yana hana horo, rashin horo yana kawo ƙiba da saurin gajiya, gajiya tana jawo ƙarin duka. Haka abin yake zagayawa.

Abin Da Shekaru Suke Ƙarawa

Kada mu yi wa tsufa rashin adalci, gama ba karɓa kaɗai yake yi ba, yana kuma bayarwa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Tarihin damben Turawa, wanda ake yi da safar hannu biyu, yana da rubutattun shekaru da ranaku, don haka za mu ɗauko misalai daga can.

Ɗan ƙasarmu Dick Tiger, wanda sunansa na yanka Richard Ihetu, an haife shi a Amaigbo a 1929. Bai ci kambin duniya ba sai a 1962, yana da shekara 33, sa'ad da ya buge Gene Fullmer na Amurka. A 1963 ya sake buge shi a filin wasa na Liberty a Ibadan. A 1966 kuma, yana da shekara 37, ya hau ajin da ya fi nasa nauyi ya karɓe kambi daga hannun Jose Torres. An san shi da kamun kai da naci wajen horo, abin da ya tsawaita masa tsakar ranarsa ke nan.

Muhammad Ali ya ci kambin masu nauyi a 1964 yana da shekara 22, lokacin ƙafarsa kamar ba ta taɓa ƙasa. A 1974, a birnin Kinshasa, ya gamu da George Foreman. Ali yana da shekara 32, Foreman yana da 25, ga shi kuwa ba wanda ya taɓa buge shi. Ali ya san ƙafarsa ba ta dā ba ce. Sai ya jingina da igiyar fage, ya kare kansa, ya bar saurayin ya yi ta duka har ƙarfinsa ya ƙare, a turmi na takwas ya kai shi ƙasa. Wayo ne ya ci wannan wasa.

Shi kansa Foreman ya bar dambe a 1977 ya zama mai wa'azi a birnin Houston. Bayan shekara goma ya komo, domin ya sami kuɗin riƙe wani gidan matasa da ya buɗe. A 1994, yana da shekara 45, ya kara da Michael Moorer ɗan shekara 26. Turmi tara Moorer yana gaba, yana dukansa yadda ya ga dama. A turmi na goma Foreman ya sami sarari ya saki hannun dama, Moorer ya faɗi bai tashi a kan lokaci ba. Ga shaidar maganar nan cewa nauyin hannu ne yake tafiya a ƙarshe. Bernard Hopkins ma ya riƙe kambin duniya har yana da shekara 49, a 2014.

Amma Kada Misali Ya Ruɗe Mu

Irin waɗannan labarai su ne tsohon gwani yake kawowa in matarsa ta ce ya bari. Sai mu tambaya, don me ake ta ba da labarinsu? Domin ba a cika samun irinsu ba. Foreman ya yi shekara goma ba wanda ya taɓa kansa, jikinsa ya huta. Hopkins kuwa gwanin kaucewa ne, yana da likitoci da masu lura da abincinsa, sau ɗaya ko sau biyu yake wasa a shekara. Wane ɗan dambe ne a ƙasar Hausa yake da wannan gata?

Mu kuma bi labaran har ƙarshensu. Dick Tiger ya gamu da Bob Foster a 1968, aka kai shi ƙasa a turmi na huɗu, kambi ya tafi. Joe Louis, wanda ya riƙe kambin masu nauyi kusan shekara 12, bashin haraji ya komo da shi fage, a 1951 Rocky Marciano ya buge shi har ya faɗa wajen igiya, yana da shekara 37. Ali kuwa bai tsaya a Kinshasa ba. A 1980, yana da shekara 38, ya kara da Larry Holmes, wanda dā yaronsa ne da yake gwada hannu da shi. Turmi goma Holmes yana dukansa, Ali ya kāsa ramawa, har mai horar da shi ya ce a tsaya. A 1984 likitoci suka tabbatar yana da ciwon makyarkyata da ake kira Parkinson, da yawa cikinsu kuma suna ganin dukan da ya sha yana da hannu a ciki. Ya zauna da ciwon har rasuwarsa a 2016.

Na kusa da mu shi ne Segun Olanrewaju, ɗan Nijeriya, wanda ya taɓa riƙe kambin ƙasa da na Afirka ta Yamma. A watan Maris na 2025, yana da shekara 40, ya yanke jiki ya faɗi ana cikin wasa a birnin Accra na Ghana, rai ya yi halinsa.

Sai mu gwada waɗannan da Hogan Bassey, mutumin Kalaba, ɗan Nijeriya na farko da ya ci kambin duniya, a birnin Paris a 1957. Davey Moore ya karɓe kambin a 1959, suka sake karawa a shekarar, Moore ya sake yin nasara. Bassey yana da shekara 27 kawai, amma ya ce ya isa. Ya komo gida ya shiga horar da matasa, ya rayu cikin mutunci har 1998. Moore kuwa ya rasu a 1963 saboda raunin da ya samu a fage, bai cika shekara 30 ba. Wannan ya nuna mana dambe yana da hatsari ga yaro da babba duka, shekaru ƙara hatsarin suke yi.

Ƙwaƙwalwa Ba Ta Mantuwa

Duk abin da muka faɗa a kan zuciya da tsoka, ƙarshensa a kā da mutum ne kawai. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne kai. Ƙwaƙwalwa abu ne mai taushi, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai, kamar kindirmo a ƙwarya. In aka bugi muƙamuƙi, kai ya juya da sauri, sai ta girgiza ta bugi ƙashi. Faɗuwar da 'yan kallo suke yi wa sowa, alama ce ƙwaƙwalwa ta ɗauke na ɗan lokaci. Tsoka in ta yage takan ɗinke, ƙashi in ya karye yakan haɗe, amma abin da ya mutu a ƙwaƙwalwa ba safai yake komowa ba. Kowane duka yana zama a kan na baya.

Tun a 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya rubuta bayanin abin da ya gani ga tsofaffin 'yan dambe: harshe ya yi nauyi, hannu yana rawa, tafiya kamar ta mashayi alhali ba su sha kome ba. Daga baya aka gane akwai kuma mantuwa, da saurin fushi, da baƙin ciki marar dalili. Sau da yawa waɗannan ba sa bayyana sai bayan mutum ya yi shekaru da barin wasa. A garuruwanmu in aka ga haka sai a ce sammu ne ko iska, a yi ta yawon neman magani, alhali tsohon duka ne yake neman hakkinsa.

Don haka shekarun ɗan dambe iri biyu ne. Akwai na haihuwa, akwai kuma na fage. Wanda ya fara tun yana ɗan shekara 15, yana wasa kowane mako, yana iya zama tsoho a fage tun bai kai 30 ba. Akwai wata alama da masu kallo suka sani: gwanin da dā ba a iya kā da shi, in aka kashe shi sau ɗaya, sau biyu, sai ka ga ɗan ƙaramin naushi ma yana zubar da shi.

A damben Turawa an kafa dokoki saboda wannan. Bayan mutuwar wani ɗan Koriya, Duk Koo Kim, a 1982, aka rage turmin wasan kambi daga 15 zuwa 12. Wanda aka buge ya suma, sai a hana shi wasa wata ɗaya ko fiye, sai likita ya duba shi. Ana kuma auna nauyi, kowa da ajinsa. A damben gargajiya kuwa, bisa al'ada, ba a awon nauyi, ba a tambayar shekaru. Inda doka ba ta tsare mutum ba, dole hankalinsa da iyalinsa su tsare shi.

Ƙwaya Ba Ta Mai Da Ƙuruciya

Sa'ad da ƙarfi ya fara ja da baya, jaraba takan shigo. Wani ya ƙara layu da guraye, wani ya ƙara tsaga a hannu yana cusa magani, wani kuwa ya koma ga wiwi da ƙwayoyi irin su Tramadol. Babu layar da take mai da ɗan shekara 40 ɗan shekara 25. Ƙwaya kuwa ba ta ƙara ƙarfi ko kaɗan, jin zafi da jin gajiya kawai take ɓoyewa. Zafi ɗan aike ne da jiki yake turowa ya ce a tsaya. Wanda ya kori ɗan aiken zai ci gaba da tsayuwa yana shan dukan da ya kamata a ce ya riga ya kauce masa. Ban da haka, yawan shan Tramadol yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kuma kama mutum har ya kāsa rabuwa da shi. Da yawa sun bar fage amma ƙwayar ba ta bar su ba.

Me Ya Sa Barin Yake Da Wuya?

Dalili na farko abinci ne. Mutumin da ya ba dambe ƙuruciyarsa duka, bai koyi wata sana'a ba, in ya kwance zare me zai kai gida? Kuɗin fage kuma kuɗin iska ne. Sun zo da yamma, makaɗa da maroƙa da abokai sun raba, da safe ba ko sisi.

Dalili na biyu ya fi na farko ƙarfi, shi ne kirari. Wanda ya saba a buga masa kalangu, a kira sunansa, fage ya ɗauki sowa, zaman shiru yakan yi masa ɗaci. Mu 'yan kallo ma muna da namu laifi. Mu ne muke zuga shi, muna cewa, "Saura ɗaya, maigida, nuna wa yaran nan." Ran da ya faɗi kuwa, mu ne za mu fara bin sabon gwani.

Shawara Ga Iyali

In akwai ɗan dambe a gidanku, ko a maƙwabta, ga alamun da za ku lura da su. Yana haki tun kafin a gama turmi na biyu. Yaran da dā ba sa iya taɓa shi yanzu suna samunsa. An kashe shi sau biyu ko uku a jere. Ciwon kai ba ya barinsa bayan wasa. Yana mance abin da aka faɗa masa da safe. Maganarsa ta fara nauyi, ko halinsa ya sāke, yana faɗa da iyali ba dalili. In aka ga biyu ko uku cikin waɗannan, lokaci ya yi, ko shekarunsa nawa.

Wanda aka buge ya suma, kada a ɗaga shi da gaggawa a yi ta jijjiga shi, kada kuma a bar shi ya kwana shi kaɗai. In ya yi amai, ko barci mai nauyi ya kama shi, ko wani gefen jikinsa ya mutu, ko ciwon kai yana ƙaruwa, a kai shi asibiti a daren nan, gama wataƙila jini ne yake zuba a cikin kai. Ga Babban Asibitin Wudil kusa, ga kuma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a birni. Ko ya warware, kada ya sa zare sai bayan wata guda aƙalla. Wanda ya haura shekara 30 yana wasa, ya riƙa zuwa ana auna masa jini da zuciya da ido kowace shekara. Rigakafi ya fi magani.

Ku uwayen gida, maganarku tana da nauyi, amma a zaɓi lokaci. Ba ranar da aka kā da shi ba, gama ran nan zuciyarsa ramuwa take nema. A bari ya huce, a sa wani babba da yake jin kunyarsa a cikin maganar. A nuna masa barin fage da ƙafarsa ba tsoro ba ne. A kuma taimake shi tun yana tashe ya mai da kuɗin dambe abin da zai zauna: ɗan maraƙi, ko gona, ko teburin nama, ko babur na haya. Garin da yake da kasuwa irin ta Wudil, mai ƙarfi da jama'a ba zai rasa abin yi ba.

Ku samari masu sha'awa, ba mu ce ƙarfi abin kunya ne ba. Amma ku riƙe makaranta ko sana'a da hannu biyu, gama ganiyar ɗan dambe ba ta cika wuce shekara bakwai ko takwas ba, rayuwa kuwa tana iya kai saba'in ko tamanin. Ku yi lissafin sauran shekarun tun yanzu.

Wannan darasi bai tsaya ga 'yan dambe kaɗai ba. Masu haƙar yashi a kogi, da 'yan dako a kasuwa, da masu kama shanu a kara, da manoma, duk da ƙarfin jiki suke ci, duk kuma la'asar tana jiransu. Jiki amana ce da Allah ya ba mu, ya kuma ba kowane lokaci nasa aiki. Ƙarfi na saurayi ne, shawara ta dattijo ce. Tsohon gwanin da ya zauna a bakin fage yana ɗaura wa yara zare, yana koya musu kaucewa, yana hana a haɗa ƙarami da wanda ya fi ƙarfinsa, bai rasa girmansa ba. Da yamma zai koma gida da ƙafarsa, ya gane 'ya'yansa, ya kira kowa da sunansa.